Sunayen da Ke Cikin Wayar Baba

Tana riƙe da kwalbar jini, tana rubuta lamba a jikinta, sai wayarta ta yi haske a kan tebur. Ta kai ido don ta ga ko wane ne da safiyar nan. Sunan da ya fito shi ne Baba.

Wata biyar ke nan da aka kai Baba makwancinsa.

Yaya, kamar yadda kowa a gidansu yake kiranta har da mahaifiyarta, ta mayar da kwalbar cikin jeri a hankali, ta tuɓe safar hannu ɗaya, ta ɗauki wayar. Hoton nan ne dai da ta sani, Baba a ƙofar shagonsa na kafinta da fensir maƙale a bayan kunne. Saƙon gajere ne.

"Assalamu alaikum Uwata. Ina kwance a asibiti, jiki ya yi tsanani. Ki taimaka mini da abin da ya sawwaƙa, zan turo lambar asusu. Kada ki kira, likita ya hana ni magana."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa tun tana goye bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Uwata. Shekararta tara tana aiki a ɗakin gwajin jini, ita ce kuma mai yi wa mutanen gidansu faɗa kullum a kan 'yan damfarar waya. Kanta ya gaya mata ko mene ne wannan tun kafin ta kai ƙarshen layi na biyu. Ta lalubi kujera ta zauna, tana kallon alamar da ke ƙarƙashin hoton tana nuna mai layin yana nan, yana ma ƙara rubutu.

Ƙanenta, direban motar haya, shi ya fara kira.

"Yaya, kin ga abin da na gani? Saura ƙiris na hau kan mai keke."

"Ka faka motar ka sha ruwa. Ba shi ba ne."

"Na san ba shi ba ne. Ni na shiga ramin na karɓe shi."

"Ka same ni a gida."

Ta tarar da Mama a falo, a kan ɗaya daga cikin kujerun da Baba ya ƙera da hannunsa, waɗanda har yau ko ƙara ba sa yi. Wayar marigayin na kan cinyarta. Tun rasuwarsa Mama ba ta bari cajinta ya ƙare ba, saboda akwai muryarsa a ciki, saƙonnin da yakan turo mata daga shago yana tambaya ko a sayo wani abu a hanya. Yanzu manhajar hira ta ƙi buɗuwa, sai wani rubutu da ke cewa an buɗe wannan asusu a wata waya.

"Mama, wa ya taɓa wayar nan?"

"Babu kowa. Sai dai yaron nan na kamfanin layi da ya kira jiya."

"Wane yaro?"

"Mai ladabi. Ya ce layin ya daɗe ba a kira da shi, za su rufe su ba wani. Na ce ya rufa mini asiri, mai layin ya rasu, muryarsa nake ji a ciki. Ya yi mini ta'aziyya, har da addu'a mai tsawo. Ya ce tunda haka ne zai taimake ni, wasu lambobi shida za su shigo, na karanta masa."

"Kika karanta."

"Sau biyu. Ya ce na farkon bai shiga ba."

Ba lambobin ba ne suka fi tsaya wa Yaya a rai. Mutumin ya san Baba ya mutu. Ya ji daga bakin matarsa, ya yi addu'a, sannan ya kwana ya tashi ya rubuta cewa yana kwance a asibiti.

"Sau nawa na ce miki kada ki ba kowa lamba?"

"Ta banki kika ce," in ji Mama, muryarta ta yi ƙasa. "Wannan ba ta banki ba ce. Babanku ma ai ba shi da komai a banki."

Daga nan ta sa gefen mayafi a fuska. Yaya ta haɗiye sauran faɗan.

Mai gyaran waya na bakin titi, wani mutum mai furfura a gemu da gilashi ɗaure da zare, ya juya wayar a hannunsa, ya danna nan ya danna can, ya tsuke baki. Ya ce lamba ta farko ita ta buɗe wa ɓarawon manhajar hira. Ta biyu kuma ta buɗe masa imel ɗin marigayin, inda wayar take ajiye kwafin duk sunayen da ke cikinta.

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," ya ce. "Da an sa wa asusun makulli na biyu, ko ta karanta masa lamba ɗari ba zai shiga ba. To, shi da ya shiga, abin da ya fara yi ke nan, ya sa nasa makullin. Sim yana hannunku, za ku karɓe kayanku, amma sai bayan kwana bakwai. Kafin nan ku sanar da duk wanda ke cikin wayar. Kuma ku ɗauke ta daga hannun tsohuwa, don zai sake kira. Wanda ya sami ƙofa a buɗe ba ya manta gidan."

Suna ɗari uku da 'yan kai ne a wayar Baba. Yaya da ƙanenta suka zauna a tsakar gida bayan azahar suka raba aiki, shi yana kira, ita tana tura rubutaccen saƙo. A nan suka gane yadda ɓarawon yake aiki: saƙo ɗaya ne, sai dai yakan sa wa kowa sunan da ya tarar an ajiye shi da shi. Baba kuwa ba ya ajiye mutum da sunan yanka. Wani ɗan kasuwa ya kira cikin fushi yana tambaya wane ne yake ce masa Mai Ƙusa Tsada. Maƙwabcinsu na hagu ya leƙo da wayarsa a hannu, fuskarsa ba jini, yana nuna musu inda aka rubuta, "Assalamu alaikum Mai Aron Guduma." Can ya ce, "Tana nan a wurina kuwa. Bari na kawo." Ƙanen Yaya ya yi dariya har ya koma kuka. Wata gwaggonsu ta ce ita ta jefa wayarta cikin kwandon wanki, ba za ta sake taɓa ta ba sai an zo an cire mata abin.

Kusan kowa ya halarci jana'iza ko ya zo gaisuwa, don haka tsoro kawai aka sha, ba wanda ya tura komai. Can wajen ƙarshen jerin Yaya ta ci karo da wani suna, Tsinke, da lamba mai tsawo ta wata ƙasa. Ta tambayi Mama. Mama ta ce ba ta san shi ba, wataƙila cikin masu kawo katako ne. Ta tura saƙo, ya dawo, kuɗin wayar bai isa na ƙasar waje ba. Ta ce gobe ta sa kati ta sake. Ta kashe wayar Baba, ta jefa ta can ƙasan jakarta ta aiki, ta ja zif.

Goben ta zo da nata aikin, jibi ma haka.

Rana ta biyar, bayan la'asar, tana gidan Mama tana shanya, aka yi sallama a ƙofa. Ta leƙa. Wani dogon mutum ne siriri, kansa fari fat, rigarsa duk ta yamutse irin ta wanda ya kwana a mota. Ya rataya jaka, ya naɗe bargo a hammata, ɗaya hannun kuma da fulas da ledar lemo. Ba ta gane shi ba sai da ya ɗaga kai. Goshin Baba ne, da idanunsa.

"Uwata ce?" ya ce. "Kin zama babbar mace."

Baffa ne, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha uku rabonta da shi. Yana aikin walda a wata tashar jiragen ruwa, a wata ƙasa, tafiyar kwana uku a mota. Lokacin da kakarta ta kwanta ciwon ajali an yi ta aika masa, yana cewa ga shi nan tafe, bai iso ba sai kwana biyu bayan an binne ta. A wannan ƙofar Baba ya tare shi ya ce, tunda uwarsa ba ta isa ta taso shi ba, to ko shi Baban ne ya mutu kada ya zo. Baffa ya juya da jakarsa ko ruwa bai sha ba. Daga baya ya canja layi, labarinsa ya yanke. Da Baba ya rasu an nemi lambar Baffa wurin dangi kaf, ba a samu ba.

"Wane asibiti ne?" ya tambaya. "Na tsaya a biyu a hanya, ba su da sunansa. Ya ce kada na zo, amma kin san halinsa. In ya ce kada ka zo, ka zo ɗin yake nufi. Na daɗe ban gane haka ba."

Ruwan rigar da ke hannun Yaya yana ɗiga a kan ƙafarta. Mama ce ta fito daga ɗaki, ta tsaya ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi bargon da fulas ɗin.

"Shigo ka zauna," ta ce.

"Ba zan zauna ba, matar Yaya. A kai ni na gan shi tukuna, gaisuwa ta biyo baya."

"Ka ajiye kayan nan."

"Jikin ya ƙara tsanani ne?"

"Yayanka ya rasu. Wata biyar ke nan."

Bai faɗi ba, bai yi salati ba. Ya ɗan yi murmushi irin na wanda aka gaya wa lissafin da bai yi daidai ba.

"A'a. Shekaranjiya muka yi magana da shi."

Ya ajiye ledar lemon a ƙasa, ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya miƙa wa Mama kamar mai miƙa takardar shaida. Mama ta ƙi karɓa. Yaya ce ta karɓa, ta ja shi zuwa falo, ya bi ta kamar makaho.

Ta karanta hirar tun daga farko. Saƙon nan ne dai da kowa ya samu, sai dai nasa ya fara da, "Assalamu alaikum Tsinke." A ƙarƙashinsa Baffa ya rubuta, "Yaya, kai ne? Bayan shekara sha uku?" Minti biyu a tsakani, sai amsa ta zo: "Ni ne. Shekara sha uku ta isa haka. Abin da ya wuce ya wuce, ka yafe mini." Tana gangarawa tana ganin yadda abin ya tafi. Ɓarawon bai san komai ba. Duk abin da Baffa ya faɗa shi yake ɗauka, ya juya shi, ya mayar masa. Baffa ya ambaci mahaifiyarsu, sai ga shi ya yi mafarki da ita jiya. Baffa ya ambaci ƙofar gidan nan, sai ga shi kullum in ya wuce ta sai ya tuna. Tsakanin waɗannan akwai lambar asusu, da hoton takardar aiken kuɗi guda biyu.

Ta yi masa bayani a hankali, da kalmomi mafi sauƙi da ta samu: kiran da aka yi wa Mama, lambobi shida, mutumin da ba wanda ya san fuskarsa. Baffa yana girgiza kai tun ba ta gama ba.

"Uwata, ni ba yaro ba ne. A wurin aikinmu ma ana yi wa mutane irin wannan, ni nake yi musu dariya. Amma ɓarawo ba zai san Tsinke ba. Matata ba ta san shi ba. Ita wannan da ta yi shekara talatin a gidan nan ba ta san shi ba. Tun muna kwana tabarma ɗaya yake kirana haka, in ba kowa. Mutum ɗaya ne a duniya."

Yaya ta tashi ta ɗauko jakarta. Ta ciro wayar Baba ta kunna, kafin ta gama buɗewa sanarwar kiran da aka rasa ta fara shigowa, ɗaya bayan ɗaya, duk daga doguwar lambar nan. Ta buɗe jerin sunaye, ta gangara, ta juya masa fuskar wayar.

Ya daɗe yana kallo. Ya ciro tabarau daga aljihun gaba ya sa, ya sake kallo.

"Daga nan ya kwafa," ta ce. "Haka ya yi wa kowa." Ta ajiye wayar a gabansa. "Baffa, na ga sunan nan tun ranar farko. Na tura maka gargaɗi bai tafi ba, na ce sai gobe. Ni na kashe wayar. Da na bar ta a kunne, da kiranka na farko ya same mu."

Kamar bai ji ta ba. Ya sa yatsa a kan sunan, bai danna ba.

"Wannan sabuwar lambata ce. A ina ya same ta?"

Mama, da ke tsaye a bakin ƙofa, ita ta amsa. Ta ce bara waccan wani direban babbar mota ya zo shago, ta ga ya rubuta wa Baba wani abu a bayan takardar goge katako. Da ta tambaya, Baba ya ce mata mai son a ƙera masa gado ne daga nesa.

"Ke nan ya nema," in ji Baffa.

"Ya nema, ya samu."

"Bai kira ba."

Yaya ta duba, ko da ta san amsar. "Bai kira ba."

"Ni ma ina da tasa. Bai taɓa canja layi ba, a kaina take." Ya cire tabaran ya riƙe a hannu. "Babur ɗina na sayar. Ko ciniki ban tsaya yi ba. Ina tafe a mota ina jin daɗi, wallahi, kamar mai zuwa karɓar kyauta."

A nan ne kukan ya zo masa, ba da ƙara ba, kafaɗunsa kawai ke motsi. Mama ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Ba wanda ya ce a yi haƙuri.

Ƙanen Yaya ya shigo ya tarar da su a haka. Yana cikin gaishe da Baffa, yana durƙushe, sai wayar Baffa da ke kan tebur ta yi ƙugi. Dukansu suka kalle ta. Hoton Baba ne ya fito, da fensir a bayan kunne.

"Tsinke, kana ina? Sun ce gobe za a shiga da ni tiyata. Ka turo abin da ya rage."

Ƙanen ya miƙe ya kai hannu. "Ba ni na gaya masa abin da uwarsa ba ta gaya masa ba."

"Kada ka amsa," in ji Yaya. "Yana ganin an gane shi zai goge komai." Ta ɗauki hoton hirar shafi bayan shafi, da lambar asusun, da takardun aiken, ta tura wa kanta don a kai ƙara da safe. Mai gyaran waya ya riga ya gaya mata cewa kuɗin da ya fita da wuya ya dawo, amma ba ta faɗa ba. Da ta gama ta nuna wa Baffa inda ake toshe lamba.

"In na danna nan, ba zai sake samunka ba."

"Rubutun zai tafi?"

"Zai zauna, sai in kai ka goge."

Ya gyaɗa kai. Har ta kai yatsa sai ya riƙe mata hannu.

"Tsaya. Akwai wani da na yi masa da murya, ranar farko. Na fita bayan wurin aiki inda ba kowa. Duba mini, ya shiga?"

Ta koma sama ta samo shi. Minti bakwai da 'yan daƙiƙoƙi. Alamar da ke gefensa ta canja launi.

"Ya shiga. An buɗe shi."

"An saurara ke nan."

"An saurara."

"Shi ɓarawon."

"Shi."

Baffa ya goge fuska da tafin hannu, ya ja numfashi.

"Minti bakwai," ya ce. "Lallai mutumin yana da haƙuri. Da yayana ne, ban kai rabin minti ba zai ce na yi shiru haka nan, surutuna ya ishe shi."

Dariya ta kuɓuce wa Mama, ta toshe baki da mayafi. Yaya ta danna, hoton ya ɓace daga saman hirar, ya bar farin da'ira.

Baffa ya karɓi wayarsa ya mayar aljihu ba tare da ya duba ba. Ya dubi ƙanen Yaya.

"Maƙabartar da nisa daga nan?"

"Ba nisa, Baffa. Amma ka ɗan huta, ka ci wani abu."

"In mun dawo."

Ya fita tsakar gida ya nemi buta. Yaya na jin ƙarar ruwa a kan siminti, da ƙanenta a waje yana kwashe kaya daga kujerar gaban motarsa.